Na kai fotata awo bayan shekara biyu ina zargin hannuna

Shekara biyu cur a wasan golf ina gangara ƙwallo tana wucewa ta hagun rami, kuma ba wai da nisa ba fa, faɗin yatsa biyu ko uku ne kawai, irin kuskuren nan da zai sa ka tsaya kana hararar ciyawa kamar ita ta yi maka laifi. Na zargi idona, na zargi hannuna, har kadi, mai ɗaukar min jakar sanduna, na zarga cewa bai iya karanta gangaren girin ba, abu ɗaya ne dai ban taɓa zargi ba, ita fotar, saboda da kuɗina na saye ta kuma kuɗin ba kaɗan ba ne, to wa zai yarda ya yi asara.

Ga wanda bai saba da golf ba, fota ita ce sandar da ake amfani da ita in an iso kan girin, wato shimfiɗaɗɗiyar ciyawar nan da ramin yake, ba a ɗaga ƙwallo sama da ita, gangarawa ake yi. Doka ta yarda ka ɗauki sanduna 14 a jaka, amma a fili mai fa 72, wato wanda aka ƙiyasta gwani zai gama da bugu 72, lissafin da aka yi shi ne bugu biyu a kowane girin, rami 18, ka ga bugu 36 ke nan, rabin wasan duk na sanda ɗaya. Ramin kuma faɗinsa inci 4.25 ne kacal. Amma mu 'yan koyo sai mu kwana muna zancen direba, sandar bugun nesa, wa ya fi wa nisa, ita kuma fota duk wadda ta yi kyau a hoto sai a saya.

Haka na yi nima. Da farko wata tsohuwar siririya nake bugawa da ita, aro ma aka ba ni, irin zubin nan na Anser, fotar kamfanin Ping da kusan kowane kamfani ya kwaikwaya. Layi dai tana riƙe min shi ba laifi, matsalarta in ban sami tsakiyar fuska ba sai ƙwallon ta mutu a hanya. Sai na ga kowa a talabijin ya koma malet, masu faffaɗan kan nan kamar faranti, aka ce suna rufa asiri ko ka buga a gefe, ban yi wata-wata ba na yi odar wata ƙatuwa ta intanet, ko taɓa ta ban taɓa yi ba. Ba zan faɗi kamfanin ba don ba laifinsu ba ne, sandar lafiyarta lau, za ku ji a gaba. Nisa ya gyaru nan take, wannan gaskiya ne. Amma daga ranar hagu ta fara bina. Da na gaji sai na fara saita fuskar dama da rami kaɗan don in ta karkata ta faɗa ciki, ranar da hannu ya yi daidai kuma sai ta wuce ta dama, na rasa tudun dafawa gaba ɗaya.

Wani abokin wasana ne ya ishe ni da maganar in je a yi min awo, fitin suke cewa. Ni a tunanina awo na direba da ayon ne, sandunan da ake ɗaga ƙwallo sama da su, ita fota ai tura ƙwallo ne kawai, me za a auna. Ya ce mutumina ka je dai, in ba ka ga komai ba ni zan biya. Jin haka na tashi.

Wurin ɗaki ne a bayan wani shagon kayan golf, an shimfiɗa doguwar darduma mai kama da girin da rami a ƙarshe, ga fotoci jere a bango sun fi ƙarfin ƙirga a tsaye. Mai awon wani dattijo ne mara yawan magana, abin da ya fara burge ni shi ne bai miƙo min sabuwar sanda ba, cewa ya yi Yallaɓai ba ni taka tukuna. Ya ɗora karan sandar a kan yatsarsa daidai inda nauyi ya rabu, kusa da kai, ya sake ta ta zauna da kanta. Fuskar ta kalli silin sak. Ya ce ka gani, wannan mai kallon sama ce. Ya ɗauko wata daga bango ya yi mata haka, sai hancinta, wato can ƙarshen kan da ya fi nisa da kara, ya sunkuya ƙasa. Ya ɗauko wata tsohuwar yayi mai kara a diddige, wato ɗaya ƙarshen kan, ita kam hancin ya rataya kusan tsaye. Wannan gwajin ko a gida za ka iya yi yanzun nan, ni shekara biyu ina da sandar ban sani ba.

Bayanin da ya yi min shi ne duk abin da na biya kuɗi a kai, don haka bari in tsaya a nan sosai. Hannun mutane wajen gangara ƙwallo ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda sandar take tafiya baya ta dawo gaba kusan a miƙe kamar aljihun tebur, fuskar ba ta wani buɗewa. Akwai wanda tasa take zagayowa kamar ƙofa, in ta yi baya fuskar ta buɗe, in ta dawo ta rufe, wani kaɗan wani da yawa. Ya ce a gaskiya babu mai miƙewa ɗari bisa ɗari, tunda sandar a karkace take zaune, doka ma ta ce dole karan fota ya kauce wa tsayuwa sak da aƙalla digiri 10, yawanci kuma a wajen digiri 70 daga ƙasa ake ƙera su, to duk abin da yake lilo a karkace dole ya ɗan zaga. Bambancin dai yawan zagayen ne da yadda fuskar take juyawa.

Mai kallon sama an yi ta ne don wanda fuskarsa ba ta juyawa sosai. Mai sunkuyar da hanci kuma nauyin hancin yana ɗan jan baya lokacin da kake dawowa, yana rage saurin rufewar fuska, shi ya sa ta dace da mai zagaye. In ka ba mai zagaye sosai sanda mai kallon sama, babu abin da zai riƙe masa fuskar, kafin ta iso ƙwallo ta riga ta rufe, sai hagu, ga mai bugawa da dama ke nan, bahago sai ya juya lissafin. In kuma ka ba mai miƙaƙƙen hannu wadda hancinta ya rataya sosai, fuskar za ta iso a buɗe, sai dama. Kuma a fota inda fuska ta kalla lokacin haɗuwa shi ne kusan komai, hanyar da kan ya biyo tasirinta kaɗan ne in aka kwatanta. Digiri ɗaya tak na karkata daga ƙafa 10 ya isa ya kai ƙwallo gefen bakin rami, wannan lissafi ne kawai, ka zana a takarda ka gani.

Daga nan ya maƙala wata 'yar na'ura a karan sandata, SAM PuttLab sunan injin, na wani kamfanin Jamus ne, da sautin da kunne ba ya ji yake bin motsin sandar. Ya ce in buga guda bakwai yadda na saba, kar in yi ƙoƙarin burge shi. Wallahi da zanen ya fito a kwamfuta sai da na yi dariya, ni da nake rantsuwa hannuna a miƙe yake ashe baka nake zanawa, fuskar tana buɗewa tana rufewa kamar ƙofar shago. Ya nuna min kuma tun kafin in motsa ma saitina yana dama da rami, dabarar nan tawa ta ɓoye ta fito fili. Ya ce Yallaɓai hannunka ba shi da laifi, duk bakwai ɗin kusan iri ɗaya ka yi, kai da sandar ne kowa da inda ya nufa.

Na ce to shi ke nan in koma siririya ke nan. Ya girgiza kai. A nan ne na koyi abin da ban taɓa ji ba, wai ba girman kai ne yake yanke hukuncin sunkuyar hanci ba, wuya ne, wato yadda aka haɗa kara da kai. Tawa karan ne da kansa aka lanƙwasa sau biyu ya shiga kan, in ka bi layinsa zai nufi tsakiyar fuska, shi ya sa take kallon sama. Akwai wuyan da yake da kwana kamar bututun famfo, shi yana ba da sunkuya matsakaiciya. Akwai gajeren wuya mai gangare da yake shiga ta wajen diddige, shi ya fi sunkuyarwa. Yanzu kamfanoni suna sa waɗannan wuyan a kan malet, ka ga ka samu rufin asirin babban kai kuma ka samu juyawar da hannunka yake so. Shahararren ɗan golf Scottie Scheffler ma da ya bar siririya ya koma TaylorMade Spider a watan Maris na 2024, mai wuyan famfo ya ɗauka, a makon ya ci gasar Arnold Palmer a Bay Hill, wata na gaba ya ci Masters. Ni na ga malet a hannunsa a talabijin amma ko sau ɗaya idona bai kai kan wuyan ba.

Shi rufin asirin nan ma ba sabon abu ba ne. Karsten Solheim, injiniyan nan haifaffen Norwe da ya kafa Ping a garejinsa a Amurka, shi ya fito da Anser a 1966, dabarar ita ce a kwashe ƙarfe daga bayan tsakiya a kai shi diddige da hanci don kan ya daina murɗewa in an buga a gefe. Malet na zamani wannan tunanin ne aka ƙara wa gishiri, aka tura nauyin can baya da gefe-gefe. Saboda haka masu cewa siririya ta gwanaye ce malet ta 'yan koyo ce, zance ne kawai. Tiger Woods ya ci manyan gasa 14 cikin 15 ɗinsa da Scotty Cameron Newport 2 guda ɗaya, siririya, shi kuma Jack Nicklaus da wata ƙatuwar MacGregor ya ci Masters a 1986 yana da shekara 46 mutane suna mamakin girmanta. Kowa da abin da ya zauna masa.

Sai maganar tsawo, wadda ita ma ta ba ni kunya. Yawancin fotocin da ke kan kanta inci 33 zuwa 35 ne, tawa 35 ce don ita na gani a shafin na danna. Ni kuma ba dogo ba ne. Ya sa na tsaya yadda nake bugawa, ya ba ni wata ƙwallon ya ce in riƙe ta a tsakanin idanuna in saki. Ta faɗi can ciki wajen ƙafafuna, nesa da wadda zan buga. Tsawon ya sa ina tsayawa nesa, hancin sandar a ɗage sama, diddige ne kawai a ƙasa, kuma tunda fuskar fota tana da 'yar kishingiɗa ta digiri 3 zuwa 4 don ta ɗago ƙwallo daga ɗan gurbin da ta zauna a ciyawa, in hanci ya ɗagu wannan kishingiɗar sai ta kalli hagu kaɗan. Hagu a kan hagu ke nan. Da ya ba ni mai inci 33 hannuwana suka sauko da kansu, idona ya dawo kusan saman ƙwallo, ɗan ciki kaɗan, ya ce haka ya isa, ba dole sai ya zauna sak a kai ba.

Na gwada guda biyar ko shida. Siririya mai wuyan famfo layi ya yi kyau amma tsohon ciwon ya dawo, in na kauce wa tsakiya sai ta gaza. Malet mai gajeren wuya ita ce ta zauna, tun bugu na uku na ji ba na kokawa da komai, na saita rami sak ƙwallon ta tafi rami sak, abin har ya ban tsoro. Ya kuma ba ni irin sababbin nan da ake yayi waɗanda aka ce fuskarsu ba ta murɗewa ko kaɗan, karan yana shiga ta tsakiyar nauyi, kamfanin L.A.B. ne suka yi suna da su, J.J. Spaun da irinta ya jefa ta ƙafa 64 a ramin ƙarshe ya ci US Open na 2025 a Oakmont. Gaskiya a gajeren bugu abin kamar sihiri, amma ni idona ya ƙi ta, ina kallon ƙasa ina ganin kamar na riƙe kayan gyaran mota, kuma hannuna da ya saba juyawa sai ya rasa abin yi. Wani zai so ta sosai, musamman wanda hannunsa ke rawa a ƙafa uku huɗu. Har doguwar nan mai kaiwa ƙirji na tambaya don tsokana, ya ce tana nan kuma halas ce, abin da aka hana tun 1 ga Janairu 2016 shi ne ka jingina ta da ƙirji ko ciki kamar yadda Adam Scott ya yi lokacin da ya ci Masters a 2013. Ban gwada ba, na san kaina.

Mariƙi bai ɓata mana lokaci ba. Mai kauri yana kashe motsin wuyan hannu, siriri yana barin hannu ya yi wasa, na ɗauki matsakaici mai shafaffen gaba. Ita ma fuska akwai ta ƙarfe zalla akwai mai taushin roba a ciki, ya ce yawancin abin da muke kira taushi a hannu kunne ne yake jinsa, in ka toshe kunne da wuya ka bambance. Ban gwada toshewar ba amma na yarda da shi, na zaɓi wadda ƙararta ta yi min.

To yanzu inda ban ji daɗi ba, don kar a ce talla nake. Na ɗaya dardumar nan a shimfiɗe take lif, babu gangare babu hawa, kuma duk bugun daga wajen ƙafa 10 ne. Ni kuwa inda nake zubar da bugu da yawa shi ne daga nesa, ƙafa 30 ƙafa 40, inda za ka bar ta rabin hanya ko ka wuce da ita ka yi uku a girin ɗaya. Babu yadda za a auna wannan a ɗakin, kuma da na tambaya ko zan iya fita da sandar in gwada a ciyawa ta gaske kwana ɗaya sai aka ce ba sa yi. Nauyin kai, wanda yawanci yanzu yake wajen giram 350, shi ne ya fi shafar nisa, kuma shi ne aka fi yi min sama-sama a kai. Saurin darduma daban, saurin girin da safe da raɓa daban, da rana in ya bushe daban.

Na biyu, da dattijon ya gama ya miƙa ni ga wani matashi a gaban shago, shi kuma sai ya fara ja na wajen mafi tsadar cikinsu, wai ita ce ta dace da mutum kamata. Na ce ɗan'uwa takardar awon ba ta rubuta sunan kamfani ba, cewa ta yi malet, gajeren wuya, sunkuya matsakaiciya zuwa sama, inci 33, to duk wadda ta cika wannan ai ta yi. Ya ɗan ɓata rai amma ya kawo. Shawarata ku karɓi takardar nan a hannu kafin ku shiga ciniki, da ita za ka iya zuwa ko'ina, har ta hannu za ka iya saya in ka samu mai kyau, fota ba ta tsufa kamar direba. Kuma in matsalarka tsawo ne kawai ko zaman sanda, a yanke maka taka a lanƙwasa wuyan, ba sai ka sayi sabuwa ba, sai dai ka sani in an yanke da yawa kan zai ji kamar ya yi sauƙi a hannu.

Wata huɗu ke nan ina bugawa da ita. Makon farko abin ya ƙara lalacewa ma, don idona ya saba saita dama, sai da na zana layi a ƙwallo na yi ta maimaitawa a kan kafet kafin na yarda cewa rami yana inda yake. Bayan nan hagun nan ta tafi, in na kuskure yanzu ko'ina ma yana iya zama, kuma na san ni ne. Gajerun nan na ƙafa huɗu biyar da a da nake tsayawa a kansu gabana yana faɗuwa yanzu yawanci suna shiga. Amma kar wani ya ɗauka zai koma jefa komai, ƙwararrun gasar PGA ta Amurka ma daga ƙafa 8 kusan rabi suke jefawa rabi su zubar, balle ni. Bugu uku daga nesa har yanzu ina yi, ya ragu dai amma yana nan, wannan na atisaye ne ba na shago ba.

Wa ya kamata ya je? In kuskurenka kullum gefe ɗaya ne, ko kana ganin hancin sandarka a ɗage, ko ka saya ne don ka ga wani da ita, je ka, kuɗin awon bai kai na sandar da za ka saya bisa kuskure ba. In ka fara wasa jiya-jiya hannunka bai zauna ba, yau baka gobe miƙe, ka bari tukuna, injin ba zai samu abin da zai kama ba, ka duba tsawo kawai ka ci gaba. In zan ba su maki, dattijon da injinsa biyar cikin biyar, ɗakin uku, gaban shagon biyu.

Ita kuwa tsohuwar malet ɗin, abokin nan nawa da ya tura ni ya ce in ara masa ya gwada zagaye ɗaya. Shi hannunsa kusan a miƙe yake kuma ya fi ni tsawo sosai. Ranar ya cinye ni da rami uku da sandata, yau wata na uku ke nan ina tambayarsa yana cewa tana but ɗin mota zai kawo.